Ƙafar Hagu a Tankin Iskandariya

Na sha wahala a Misra, wahalar da ban taɓa shan irinta ba ko a shekarar da ruwa ya ci garinmu. Wata huɗu na yi can. Ban ga abin kallo ba, ban sayo tsaraba ba, bandeji da ƙuda kawai na sani.

Sunana Garba. Masunci ne ni, daga wani ƙauyen bakin ruwa kusa da Wara, ƙasar Ngaski. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Aikina nutso ne. Tun da anka gina dam anka tare gulbi ruwa ya hau gonaki da daji, itatuwan da sunka nutse suna nan ƙarƙashi, sun mutu a tsaye. In tarun wani ya sarƙe cikinsu ni ake kira in sauka in kwance. Reshen ɗaya daga cikinsu ne ya yanke ni a ƙwaurin hagu, yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na wanke da ruwan tabki na koma aiki. Bayan shekara uku ya zama gyambo faɗin tafin hannu, gefe baƙi, tsakiya fari fat. An sa ganye, an sa toka, an sa man kaɗe, an yi rubutu na sha. Asibitin Yelwa sun wanke sun ɗaure har sun gaji. A Sakkwato anka ce a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mai ƙafa ɗaya ba ya tsayuwa cikin jirgi, ba ya nutso. Yankan ne na gudar ma.

Wani likita Bamisire da ke aiki Sakkwato ya ce mini a garinsu, Iskandariya, akwai wani tankin ƙarfe da ake sa masu nutson teku ciki in ruwa ya yi musu illa, kuma an gano yana tada tsohon gyambo. Ya rubuta mini takarda da Larabci. Na sayar da injin jirgina da taruna. Yadda na samu fasfo da yadda na hau jirgin sama ba shi ne labarin ba.

Alƙahira na fara sauka. Ina tsaye da jakata da buhun banda, ban san gabas ba, sai na ji Hausa bayana.

"Alhaji, daga ina?"

Wani siriri ne mai tabarau da jallabiya fara. Na ce mashi ban yi Hajji ba.

"Ai ka hau jirgin sama, rabin Hajjin ke nan. Sunana Sabi'u, karatu nake yi a nan. Kawo kayan, baƙonmu ba ya ɗaukar kaya."

Ya karanta takardata yana gyaɗa kai. Ya ce takarda mai kyau ce, amma sai an buga mata hatimi a wata ma'aikata, kuma shi ya san mai hatimin. Ya kai ni ɗakinsu, su biyar, anka ba ni bakin ƙofa saboda wari. Kullum da safe ya fita da takardar, da la'asar ya dawo.

"Yau mai hatimin ya tafi jana'iza."

"Yau hatimin ne babu tawada."

Yana faɗi yana ɓare giwan ruwan da matata Kulu ta kwana biyu tana yi mini banda. Ya ce, "Ku mutanen Yawuri Allah ya yi muku gata, ku ba ku san yunwa ba." Na ce mashi mun san ta, ba mu dai gaya ma baƙo. Kwana goma sha ɗaya muna haka, ƙafa tana tsiyaya. Ranar ta sha biyu na dawo daga masallaci na tarar babu Sabi'u, babu buhun banda, babu babbar rigata ta Sallah. Takardar ya bar mini ita ƙarƙashin tabarma, babu hatimin kowa kanta. Har yau ban san ko tausayi ne ko kuwa ba ta da mai saye ba.

Cikin ƴan ɗakin akwai wani mutumin Cadi da bai taɓa yi mini magana ba. Shi ya dubi takardar, ya ɗauki jakata, ya kai ni tashar jirgin ƙasa, ya zaunar da ni kan benci cikin tarago, ya juya ya tafi. Ko sunanshi ban ji ba.

Cikin jirgin mutane sunka dinga janyewa daga gefena, har benci ya zama nawa ni kaɗai. Ban ga laifinsu ba, ni ma da zan iya janyewa da na janye. Wata tsohuwa mai kwando ta miƙo mini gurasa da cuku, fuskarta tana kallon taga. Na ci. Ta tagar nake ganin nasu gulbin, an noma shi har baki, da ƙananan jirage masu zane da iska ke turawa. Na ga wani ya jefa birgi, tarun jifa, ya buɗe daidai. Na daina kallo.

Iskandariya gari ne bakin teku. Ranar na fara ganin ruwan da ba ya da ƙetare. Asibitin yana kusa da inda manyan jirage ke tsayawa. Na isa ƙofa an tashi, na zauna gindin bango ina korar ƙuda ina zaginsu da Hausa. Wani tsoho baƙi mai sayar da shayi a wata ƴar rumfa ya ajiye butarshi ya zo ya tsaya kaina.

"Kai, wa ya ba ka wannan baki?"

Na ce Inna.

"To ƙara zagin in ji. Shekara nawa ban ji an zagi ƙuda yadda ya kamata ba."

Baba Ukasha ke nan. Kakanshi ya bar ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya maƙale Sudan, anka haifi uban Baba can, shi Baba kuma aikin jirgin ruwa ya jefo shi nan. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarshi irin ta tsofaffin mata ce, ya cuɗa ta da Larabci. Ya ba ni wurin kwana bayan rumfa tsakanin buhunan gawayi, kuma shi ya zama bakina da kunnena a asibitin.

Likitan asibitin ya buɗe gyambon ya daɗe yana dubawa. Ya sa anka ɗauki hoton ƙirjina. Ya tambaya ko ina shan taba. Na ce ban taɓa ba, sai dai hayaƙin banda da na tashi cikinshi. Ya ɗaga hoton ga haske ya taɓe baki, amma ya ce za a gwada. Baba ya fassara mini bayanin. Wai jini ba ya kai ma wurin da kyau, nama kuma ba ya tsirowa in babu iskar da jini ke kawowa. Cikin tankin ana cika iskar oksijin zalla, a matse ta, har ta shiga jini da yawa ta kai inda da ba ta kaiwa. Kullum sau ɗaya, kusan awa biyu, kwana da kwanaki.

Sharuɗɗa kuma sun fi na shiga Harami. Ba mai a jiki, ba ashana, ba agogo, sai rigarsu ta auduga, don iskar tana kama wuta da abu kaɗan. Sunka sa na cire guruna da layuna, waɗanda ko wanka ba ni cirewa. Baba ya zuba su cikin gwangwanin sukari.

"In sun yi zaƙi ba ruwana," in ji shi.

Mai kula da tankin sunanshi Rajab, ƙato ne mai furfura, kunnenshi ɗaya ya mutu. Tankin yana kwance kamar na motar fetur, da ƴar taga zagaye faɗin faifai. Ana tura ka ciki kan gado, a rufe ƙofa a murɗa. Kafin a tura ni Rajab ya yi magana, Baba ya ce, "Ya ce ka yi ta numfashi kamar kana kwance gidanka, ballantana lokacin da ake fito da kai." Na ce na ji. Wanga ba ni ɓoye shi, an gaya mini. Ba a gaya mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba.

Da anka rufe sai iska ta fara huci, wuri ya ɗauki zafi, kunnuwana sunka toshe. Nan jikina ya gane inda yake. Na haɗiye miyau na motsa haɓa, kunne ya buɗe. Ya sake toshewa, na sake. Tun da ƙafar ga ta lalace ban ji wanga nauyi a kunnena ba. Na rufe ido, na ga koren ruwa da rassa.

Ashe sababbin shiga bugun taga suke yi don ciwon kunne, a yi ta tsayawa ana lallashi. Da anka fito da ni Rajab ya kama kafaɗata ya girgiza, yana magana da ƙarfi irin ta kurame.

"Ya ce kai ɗan ruwa ne, ƙarya ba ta yiwuwa," in ji Baba. "Shi ma nutso ya yi a teku shekara da shekaru, can ya bar kunnen."

Munka tsaya ni da Rajab muna gwada zurfi da hannu, yana nuna rufin asibiti, ina nuna abin da ya fi shi. Ya yi dariya ya ce wani abu.

"Ya ce masuntan ko'ina maƙaryata ne."

Su ma nutso suke ce ma shiga tankin. Ana sauka da kai, a bar ka ƙasa, a taso da kai. Wurin tasowar ne na yi abin da na yi.

Ubana ya koya mini nutso yana zaune bakin jirgi da filafilin tuƙi a hannu. In ya ga kumfa ta riga kaina fitowa, da filafilin yake tarbo na. Mai nutso a wurinmu ba ya sakin numfashi yana tasowa, sai kai ya huda ruwa. Shekara talatin haka nake. Ban da wannan kuma na yi nawa tunani. Iskar ga magani ce, dominta na sayar da injina, kuma da an buɗe ƙofa ta watse. To mi zai hana in fito da ita? Saboda haka da na ji an fara sako iska kunne ya fara ƙara, sai in juya fuska daga taga, in cika ƙirji iyakar cikawa, in riƙe. In na fara ganin taurari in saki, in sake cikawa. Ni ina iya riƙewa fiye da yadda mutum ke zato. Rajab kuwa da ya ga ba ni da matsala, sai ya riƙa zama yana shan shayin Baba yana duban agogunan tankin.

Sati biyu wari ya ragu. Sati na uku anka kwance bandeji na ga tsakiyar gyambon ta yi ja, ƙwaya-ƙwaya kamar ƙwan kifi. Likita yana ɗora farar takarda ya zana bakin ciwon, ya gwada da zanen baya, ya nuna mini na yau ya shige cikin na jiya. Na taɓa gefen na ji zafi, wurin da shekara biyu ko allura ba na ji.

"Yanzu ana iya shan shayi kusa da kai," in ji Baba. "Da har na fara tunanin mayar da rumfata Sudan."

Na sa ya rubuta ma Kulu wasiƙa. Na ce kada ta bari ƙanena ya sayar da gangar jirgin, a jawo shi kan tudu a kife, ina zuwa. A raina na ɗauka dabarata ce ta sa nawa ya fi na sauran marasa lafiya sauri. Sai na ƙara riƙewa.

Ranar wata Talata ce, ana taso da ni, ƙirji cike. Na ji wani abu ya ɓalle ƙarƙashin kafaɗar dama, kamar ɗinkin buhu. Na saki numfashi, na ja, ya ƙi shiga. Na ja, rabi. Na buga tagar da ban taɓa bugawa ba. Fuskar Rajab ta cika ta. Ƙofar ba ta buɗuwa sai iska ta gama fita, kuma fitar iskar ita ke ƙara shaƙe ni. Ina kallonshi yana murɗa abu kaɗan-kaɗan yana ihu a kira likita, gumi yana ɗiga daga haɓarshi. Ban san yadda anka fito da ni ba.

Na farka da roba soke cikin haƙarƙarina, ta sauka cikin kwalba mai ruwa ƙarƙashin gado, in na yi tari ruwan ya yi kumfa. Huhuna ne ya fashe, iska ta zuba cikin ƙirji ta danne shi.

Kwana uku bayan nan likita ya zo da Rajab da Baba. Ya tambaya mi ya faru. Na gaya musu gaskiya duka, har da juya fuska. Baba yana fassarawa, Rajab ya dafe kai ya zauna kan gadon wani. Ya daɗe yana magana.

"Ya ce su masu nutson teku da kwalbar iska suke sauka, can ƙasa suke shaƙar iska. Iskar da ka shaƙa ƙasa a matse take, kana tasowa tana kumbura. Saboda haka abin farko da ake koya musu shi ne su saki, su yi ta saki. Ku na gulbi sama kuke ɗiba ku dawo da ita yadda take, shi ya sa riƙewa ba ta cutar ku. Ya ce da kai manomi ne da ya tsare ka da ido. Da ya ga ɗan ruwa ne sai ya sake."

Na ce a gaya mashi ba laifinshi ba ne. Ina kwance ina tuna kifin da muke jawowa daga zurfi kusa da dam, ya fito cikinshi a kumbure, wani har tumbi ya leƙo ta baki. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na ce yaushe zan koma tankin.

Likita ya girgiza kai tun kafin Baba ya gama. Ya ce hayaƙi ya riga ya cinye huhun, akwai wurare da yawa masu laushi, wanga ɗaya ne kawai ya fashe. In wani ya fashe cikin tanki, gawa za a buɗe ma ƙofa.

"Baba, gaya mai ba ni ƙara riƙewa. Na rantse."

"Ya ce ya yarda da kai. Huhun ne bai yarda da shi ba."

"Gaya mai in dangwala hannu, in na mutu ba ruwan kowa."

Baba bai fassara wannan ba. Ya ce, "Garba, bar shi haka nan."

Sati uku na yi kwance. Anka cire robar, ƙirji ya warke. Ƙafa kuwa ina kallonta tana komawa. Jan ya dushe ya koma toka-toka, ruwa ya dawo, sannan wari. Mai gadon kusa da ni ya roƙa anka canza mashi wuri. Likita ya daina zuwa da farar takarda. Anka gwada allurai da wani wankin, anka kankare har na ciji matashi. Na koma bayan rumfar Baba ina zuwa wanki kullum, wata guda cur. Wasiƙar Kulu ta iso cikin kwanakin. Ta ce an kife jirgin, yara sun shafe shi da kwalta, Inna tana tambaya wace rana.

Ranar ƙarshe likita ya sa ƙarfe cikin ciwon na ji ya taɓa abu mai tauri. Anka sake hoto. Ya ce ya kai ƙashi. Ko a yanke nan, su sun iya, ko in tafi gida a yanke can, amma kada in wuce wata, in ba haka ba gwiwar ma ba za ta tsira ba.

Da la'asar ina zaune kan benci gaban rumfa, Baba ya zuba mini shayi ya ƙara sukari fiye da kullum.

"Ka bari su yi nan. Hannunsu ya fi."

"In sun yanke ina za a kai ta?"

"Ni zan binne ta. Akwai wuri kusa da matata, ba ta ƙin baƙo. Ranar tashin ƙiyama sai ka ɗingiso ka ɗauki abarka."

Na yi dariya har ƙirji ya soke ni. Na ce, "Baba, kakanka ma cewa ya yi zai koma."

"Haka ya ce."

"Ni ba ni barin komi nan. A yanke inda Kulu za ta iya kawo mini ruwa."

Baba ya tashi. Ya ɗauko gwangwanin sukari ya zazzage mini guruna da layuna kan cinya. Ban ɗaura su ba, na sa aljihu.

Muna nan Rajab ya fito zai tafi gida. Tun abin ya faru ba ya iya kallon idona. Baba ya gaya mashi abin da anka yanke. Rajab ya shiga rumfa ya kwanto igiyar bakin buhun gawayi, ya nuna mini in miƙe. Ya sa bakin igiyar cikin hammatata, ya durƙusa ya kai ta ƙasa, ya ƙulla. Ya sake gwadawa zuwa tafin hannuna ya yi ƙulli na biyu. Ya naɗe ta ya sa mini a hannu, ya yi ma Baba kwatance, ya tafi.

"Akwai wani kafinta bayan kasuwar kifi," in ji Baba. "Sandunan guragu yake yi ma mutanen jirage. Rajab ya ce icen ba ya jin ruwa."

Da safe na yi sallah, na sake bandeji, na yi sallama da Baba, na tafi bayan kasuwar kifi da ƙafafuna. Na miƙa ma kafintan igiyar. Ya dubi ƙulle-ƙullen, ya dubi ƙafafuna biyu a ƙasa, ya yi mini alama da hannu wai na wane ne. Na nuna ƙirjina. Ya zaɓo guda biyu ya rage musu tsawo, ya naɗa tsumma inda hammata za ta zauna, ya ce in gwada. Na ƙi. Na ɗaure su da igiyar, na saɓa a kafaɗa yadda muke saɓa filafilai, na nufi tashar jirgin ƙasa.